Karen Injiniya da Ba Ya Amsa Kira

Sau huɗu na doki 'yata don na kira ta ba ta waiwayo ba. Shekararta huɗu a lokacin, kuma ba raini ba ne, kunnenta ne ya mutu ban sani ba. Ko in ce an gaya min na ƙi sani. Wanda ya buɗe min ido a kan wannan kare ne, karen ma na Bature, kuma har yau ban gama jin kunyar hakan ba.

Ina tuƙi ne a ma'aikatar ruwa a Jimeta, 'yan shekaru bayan an raba jihohi an haɗa mu da Maiduguri. Gidana yana Makama a cikin Yola, inda mahaifina ya zauna tun zuwansa daga Borno yana karantar da yara. Kullum da sassafe nake hawa keke in tafi aiki. Aka ba ni wani injiniya in riƙa kai shi ƙauyuka duba rijiyoyi. Dogo ne, siriri, ba ya da yawan magana, kuma ba ɗan Ingila ba ne irin waɗanda muka sallama. Turancinsa ma da ƙyar ya fi nawa. Ya ce ƙasarsu a bakin teku take, sunan yankin Dalmatiya, gidajensu na dutse ne, tsibirai a gabansu ba iyaka, kakansa masunci ne. In ruwa ya cika da damina jirage suka hawo Binuwai, sai ya sa in tsaya a bakin kogi ya yi ta kallo kamar an yi masa mutuwa. Ni kuwa ina cikin mota ina tsaki, don rana tana yi.

Da karensa ya zo. Fari ne tas, an yayyafa masa baƙi roɗi-roɗi tun daga hanci har bindi. Ya ce sunan yankinsu ne ma sunan irin karen. Mutanen Jimeta ba su taɓa ganin irinsa ba. Wasu suka ce tawada aka watsa masa, wasu suka ce ciwon fata ne, mata a kasuwa suka sa masa suna damisar Bature. Ni dai abin da na sani, a kujerar gaba yake zama, tsakanina da maigidansa, yana zubo min dalala a hannun riga. Riga biyu nake fita da su, ɗaya ta tuƙi ɗaya ta sallah. Ɗan malami guda, ga ni ina jigilar kare.

Duk wannan da na jure. Abin da ya tsaya min a wuya shi ne karen ba ya kula ni. In ce masa sauka, ko kallo ban ishe shi ba. In daka masa tsawa da Hausa, in sake da Fillanci, in ƙara da ɗan Turancina, yana zaune yana kallon titi. Amma maigidansa ko baki ba ya buɗewa, ya ɗan motsa kawai sai ka ga kare ya miƙe. Na yanke hukunci cewa baƙar fata ce ya raina. A wurin shan shayi nakan ce wa 'yan uwana direbobi, "Mu dai an ba mu mulkin kai, amma labarin bai kai kunnen karen nan ba." Su yi ta dariya, ni kuma ina jin daɗin an yi dariyar. Ni mutum ne mai saurin fushi, kuma a duniya ba abin da na tsana kamar in yi magana a share ni.

A bazarar shekarar sanƙarau ya shiga unguwarmu. Ya ɗauki yara a gidaje uku da ke layinmu. 'Yata ta kwanta, wuyanta ya sandare, muka kwana muna jiran a ce ta cika. Allah ya tashe ta. Muka yi sadaka, muka yi murna, ta rame amma tana tafiya. Sai dai yarinyar da a da in na jingine keke take rugowa ta riƙe min ƙafa, yanzu sai in shigo in yi sallama tana zaune ta ba ni baya tana wasa da ƙasa. In kira sunanta sau uku, ko motsi.

Matata Bafillatana ce, Hausa muke yi da ita a gida, sai dai ba ta rarrabe "shi" da "ita". Ta ce min, "Malam, tun ciwon nan kunnen yarinyar nan ba daidai yake ba. Ka kai shi asibiti a duba."

Na ce, "Kunnenta ƙalau. Ke da uwarki Dada kuka lalata ta da shagwaɓa tun da ta kwanta. Ke in kin kira ta ai tana zuwa."

"Ni ba kira nake ba, taɓa shi nake."

Ban saurara ba. A raina ɗan malami ba ya haifar kurma, kuma Allah ba zai tashe ta daga wannan ciwo ya bar mu da rabi ba. Ya fi min sauƙi in ce taurin kai ne, don taurin kai yana da magani kuma maganin yana hannuna. Na farko ranƙwashi ne. Na biyu da na uku mari. Na huɗu da igiyar guga ne, ranar da na dawo a gajiye na ce ta miƙo min buta ta ci gaba da jera 'yan duwatsunta. Ta baya na zo mata duk sau huɗun. Ba ta ga tahowata ba, saukar hannu kawai ta ji. Na tuna ihun da ta yi a na huɗun, wani irin ihu ne marar fasali, ba kalma a ciki, kuma a lokacin ma na lura maganarta ta fara lalacewa. Na ce wannan ma iskanci ne. Matata ta ɗauke ta ta shige ɗaki.

Bayan kamar mako biyu muka je Namtari duba wata rijiya da ta rufta. Injiniya yana can yana leƙen rami da mutanen gari, karen ya sauka ya shiga gonar wani dattijo da aka yi wa shuka, ya hau tono. Dattijon yana ta faɗa, yana cewa direba ba ka ganin abin da dabbarku ke yi. Na kira kare, na yi tafi, na yi ihu. Ya ba ni baya yana ta watsa ƙasa. Jama'a suka fara dariya. Akwai tsohon fambel, igiyar robar nan ta inji, a bayan mota, na ɗauko, na lallaɓa ta bayansa na zuba masa iya ƙarfina.

Karen ya yi tsalle sama ya faɗi, ya saki wani kuka, ya rarrafa ƙarƙashin mota yana kyarma. Ban taɓa ganin injiniya yana gudu ba sai ran nan. Na tsaya da fambel a hannu, na shirya ya kore ni, har na tanadi abin da zan gaya masa game da ƙasar da ta zama tamu. Bai yi faɗa ba. Ya durƙusa ya lallashi karen har ya fito, ya shafa inda bulalar ta kwanta. Sannan ya ɗago ya ce da guntuwar Hausarsa, "Direba, shi kunne babu. Tun haihuwa."

Na ce, "Maigida, ƙarya ne. Ai yana jin ka."

Ya girgiza kai. Ya ce irin waɗannan karnuka da yawa haka ake haifarsu, kurame, kuma a can ƙasarsu wasu ba sa barin irin wannan ɗan kwikwiyo ya rayu, shi ya karɓe shi. Ya ce laifinsa ne da bai gaya min ba, ya ɗauka na gane. Ya zaunar da karen ya sa ya ba mu baya, ya ɗauko jarkar ƙarfe da babbar sifana, ya tsaya daf da shi ya maka. Jakin da ke ɗaure a gindin bishiya ya zabura, yara suka toshe kunne. Karen yana zaune yana lasar ƙafarsa, kunnensa ko rawa bai yi ba. Sai injiniya ya zagaya gabansa ya ɗaga tafin hannu, kare ya tsaya cak. Ya bugi cinyarsa, kare ya taho. Ya ce, "Kullum gaba. Ya gan ka tukuna. In ka zo ta baya, tsoro."

Ni ba karen nake kallo ba. Ƙeyar 'yata nake gani, da 'yan kitsonta guda huɗu, tana jera duwatsu. Daga Namtari zuwa Jimeta ban san yadda na tuƙa ba, sau biyu injiniya yana taɓa ni don na saki hanya.

Da na isa gida la'asar ta yi. 'Yata tana tsakar gida a zaune ta ba ƙofa baya. Ban yi sallama ba. Na ɗauki babbar tasa da muciya, na tsaya a bayanta, na buga har tasar ta lotsa. Kaji suka watse, jaririn maƙwabta ya fashe da kuka, matata ta fito daga madafa da gudu. Yarinya tana ta wasanta. Na sake bugawa, na sake, ina fata ko gira ta ɗaga. Matata ta riƙe muciyar ta ce, "Ya isa, Malam. Ni na gaya maka ba ka yarda ba. Wa ya gaya maka yau?"

Na ce, "Kare."

Ta dube ni kawai ta koma madafa. Da ta zage ni da ya fi min sauƙi.

Injiniya da kansa ya kai mu asibiti a Jimeta. Likita ya duba ya ce zazzaɓin ne ya ƙone jijiyar, ba abin da za a yi, kuma maganar da ta iya ma za ta riƙa zubewa a hankali. Ya ga shatar igiya a bayanta, ya dube ni, bai tambaya ba. A hanyar dawowa injiniya ya ce ba ƙarshen duniya ba ne, in koyi yi mata magana da hannu, ya nuna min 'yan alamun da yake yi wa karensa. Da na kawo wa matata wannan sai ta ce, "Alamar kare za ka koya wa ɗiyana? Mu muna da namu tun tuni." Ashe ita da yarinyar da Dada sun daɗe da ƙirƙiro abinsu, akwai alamar ruwa, ta tuwo, ta barci, ta zo nan. Akwai ma tawa. Na tambaya mece ce alamata. Sai da na matsa sannan ta ɗaga hannu sama kamar mai shirin mari.

Washegari na yi yadda aka ce. Na zagaya ta gabanta, na durƙusa don ta gan ni sosai, na yi murmushi. Na ɗaga hannu zan yafito ta. Kafin hannun ya kai kafaɗata ta dunƙule a ƙasa, ta rufe kai da hannu biyu, fitsari ya bi ƙafarta. Na zauna a turɓaya na yi kuka a gaban matata, abin da ban yi ba ko ranar da mahaifina ya rasu. Kunnen da zan ba ta haƙuri ta cikinsa ya tafi. Hannu kaɗai ya rage min in yi mata magana, shi kuma na riga na koya mata abin da yake nufi.

Injiniya ya yi shekara guda bayan nan ya koma ƙasarsa. Ni na kai su Kano su hau jirgi, karen a cikin akwatin katako mai ramuka. Tun ranar Namtari bai sake zama kusa da ni ba, ya koma bayan mota da kansa, ko nama na miƙa masa sai na ajiye na ja da baya yake ci. Ban ƙara jin labarinsu ba. Wani lokaci nakan yi tunanin karen a bakin tekun nan da maigidansa yake kewa, yana kallon ruwa yana dukan dutse, ba ya jin komai.

Na koyi maganar hannu, a wurin matata na koya, kamar ɗan makarantar allo. Amma na saba yin ta ƙasa-ƙasa, hannuna ba ya wuce cibiya, don na lura in ya tsaya a nan tana iya kallonsa hankali kwance. 'Yata ta girma, ta iya ɗinki, ta auri wani mutumin kirki, suna zaune a Bekaji. 'Ya'yanta duk suna ji suna magana, kuma sun fi ni iya hannu nesa ba kusa ba. Suna min dariya wai Kaka raɗa yake yi da hannu. Ban taɓa gaya musu dalili ba, ita ma na san ba ta gaya musu ba. Ba ta taɓa nuna min ɓacin rai ba. Ita ke aiko min da abinci tun rasuwar uwarta, ita ta ɗinka rigar da ke jikina. Sau da yawa na yi mata alamar ki yafe min, takan yi dariya ta kaɗa hannu, wai ba ta ma tuna ba.

Ranar Juma'ar da ta wuce na hau keke na je gidanta. Ta shimfiɗa min tabarma, ta durƙusa a gabana tana zuba min kunu. Furfura ta fito mata a gefen kallabi, ta yi jika biyu. Zufa ta dame ni, na manta, na kai hannu da sauri zan cire hula. Ta runtse ido ta kauce da kai, kunun ya zube a tabarma. Nan take ta murmusa, ta sa gefen zane ta goge, ta yi min alamar wai kofin ne ya yi zafi. Na karɓa na sha. Kunun ya riga ya huce.