Fuskokin da Bitrus Ya Bar Mini

Yau shekara shida ke nan da rasuwar abokina Bitrus, kuma fim ɗin da ya bari yana nan a ɗakina a Tudun Wada, ban sake shi ba. Tsoro nake ji, ba zan ɓoye muku ba.

Mutumin Filato ne, mazaunin Unguwar Boro. Bidiyon biki muke yi, shi yana ɗauka, ni ina tacewa a kwamfuta. Da rikicin 'yan bindiga ya tashi ƙauyukan dajin Chikun, sai ya ce kowa gawa yake ƙirgawa, ba mai ƙirga bishiya. Ya riƙa bin manoman da suka gudo da kyamararsa idan sun koma a sace, suna nuna masa ɗorawa da kaɗanya da aka ƙone don kada a samu maɓuya, da rijiyar da mushen shanu ya kashe, da gonar da kwanson harsashi ya fi tsiro yawa.

Amma hali zanen dutse. Mai ɗaukar biki ba ya barin fuska ta wuce shi. Duk wanda ya tsaya a gonarsa sai Bitrus ya ce, "Baba, kalli nan, faɗi sunanka da na garinku." Na ce, "Haba Bitrus, wannan fa ba liyafa ba ce!" Dariya kawai ya yi. Zazzaɓi ya ɗauke shi kafin mu gama.

Ko me zai ce da ya ga yau? Masu bindigar suna nan, da waya a hannun kowannensu. Bidiyon da aka saki da safe a Kaduna, kafin azahar ya isa daji. Saboda haka bana na yanke shawarar rufe fuskoki da sunaye, in fitar da fim ɗin in huta.

Na je Kamazou neman yardar Baba Ayuba, ɗaya daga cikin manoman, wanda yanzu gadi yake yi. Na nuna masa fim ɗin, ya kalli kansa tsaye a gonarsa. Can ya ce, "Malam, bishiyoyin da ke mana iyaka sun ƙone, mai unguwarmu ya mutu. In ka goge ni daga gonar nan, da me jikokina za su nuna tasu ce?"

Na ce, "Baba, in mutanen can suka gan ka fa?"

Ya ce, "Ni na tsufa. Ɗana ne dai har yanzu yake shiga can noma, kuma kamarmu ɗaya."

Gaba kura, baya siyaki. Na daɗe ina jin haushin gangancin Bitrus, ashe shi ne ya bar wa mutanen nan shaidar da ba su da wata bayanta. Allah ya jiƙan abokina. Ya bar mini zaɓi tsakanin gonar tsoho da ran ɗansa, kuma ga damina ta kusa.