Yatsa Fuɗu da Rabi a Goshin Mota

Ana sallame sallar asuba muka bar Kebbe, ni da maƙwabcina mai sayar da igiyar shanu, cikin tsohuwar motata wadda ta girmi rabin direbobin tasharmu. Kada ku ce tsoho ya samu sarari ya fita shan iska. Aike aka yi mini, aiken bincike.

Ɗan marigayi yayana, magidanci mai 'ya'ya uku, ya sayar da bajimin da ya gada ya tafi Tambuwal ya buɗe wata sana'a. Labarin da ya iso mana shi ne wai yana shafa wa mota wani ruwa, sannan ya gasa ta da jar wuta. Uwarsa, Hajiya matar yayana, ta kira ni ta ce, "Kai da kac ci shekara talatin bisa sitiyari, tafi ka gano min. In shi anka cuta, ko shi ka cutar mutane, ka ɗoro min shi gida. Gonar ubanai na nan, gero na son hannu." Ta ce duk hukuncin da na yanke, shi ke nan. Na ce mata ta zaɓi mutumin da ya dace, don kaifin idona ne ya sa tun farko na bar wa yayana ita. Ta ce in tashi in ba ta wuri.

Kafin in tada mota na yi abin da na saba. Nakan ɗora tafin hannuna na dama a kan bonet, in karanta addu'ar tafiya, in tofa. Tun ranar da bel ɗin inji ya tafi da rabin ɗan yatsana manuni nake yin haka, ban taɓa fashi ba, kuma sauran huɗun suna nan lafiya.

Hanya dai kun san ta da damina. Inda babu rami akwai taɓo, inda babu taɓo akwai shanu, su kuma ba su san hon ba. 'Yan babura suna wuce mu suna waiwaye kamar sun ga gidan tarihi yana tafiya. Mun tsaya shan koko a bakin hanya, ƙosan kuwa ya ƙanƙance har sai da na sa tabarau na same shi a cikin takarda. Na tambayi mai tuya ko waken ne ke azumi, ta ce man ne ya hau sama. Gero ya yi kyau dama da hagu, ya kai ƙugu, ciyawa na binsa a baya. Na tuna gonar yayana, na ƙara ɗaure fuska.

Da hantsi muka shiga Tambuwal, ranar kasuwa ce, motocin Sakkwato na ta kiran fasinja. Wurin ɗan nawa yana bayan wasu shagunan taya. Ya durƙusa ya gaishe ni kamar yadda ya kamata, amma ban sake ba, don mai damfara ma ya iya durƙuso. Na miƙa masa makulli na ce ya yi wa wannan abin da yake wa na mutane, a gabana.

Wanki uku ya yi mata. Ya kawo wani inji mai juyawa ya bi jikinta da shi, har wani shuɗi ya fito wanda ni kaina na manta da shi. Nan na ɗan yi laushi, sai na tuna aike aka yi mini. Daga nan ya tura ta cikin wani ɗaki da aka lulluɓe da leda ko'ina, ya fito da kwalbar maganin. Jama'a, kwalbar turarena ta fi ta girma. Wai wannan zai rufe mota guda. Ni ajina huɗu a firamare, amma huɗu na da, kuma a lissafin da aka koya mana wannan ba ya shiga. Yana ɗiga shi a kan ɗan soso, ya ja layi tsaye, ya ja kwance, ya jira kaɗan, ya goge da tsumma mai laushi. Na ce, "To ka shafa, ka goge. Mi ya rage?" Ya ce, "Baffa, abin da ya rage ido ba ya ganinai, siririn gilashi ne." Na rubuta a zuciyata: ana sayar da abin da ba a gani.

Sai ga fitilun. Guda uku ne, kowace a kan ƙafar ƙarfe mai taya, da dogayen kwalabe a kwance. Ya ce zafinsu ke ratsa maganin ya sandarar da shi, abin da zai ɗauki kwana guda yana jira ya kama cikin ɗan lokaci. Na ce, "A ƙasar Sakkwato kake sayen zafi? Ga rana can Allah ya ba mu kyauta, har ta yi yawa." Ya ce rana tana zuwa da ƙura, tana dukan rufi ta bar ƙofa, kuma yanzu damina ce, in ɗigon ruwa ya faɗa kafin ya kama, aiki ya lalace. Ya nuna mini wata 'yar bindigar roba da yake auna zafi da ita. Na karɓa na auna goshin maƙwabcina, na auna kofin shayi, lambobin suka bambanta. Duk da haka ban yarda da ita ba. Abin da ke ba da amsa da sauri haka, akwai abin da yake ɓoyewa.

Ya ce, "Baffa, daga yanzu har in kashe wutar ga, don Allah kar kowa ya taɓa ta." Ya zaga baya tada janareta. Maƙwabcina ya leƙa kasuwa ya dawo da tsire mai zafi, muka taɓa. Ina taunawa ina hango motata ta cikin leda, ita kaɗai, fitilu uku sun kewaye ta. Shekara da shekaru ba ta taɓa shiga wani hatsari ba tare da addu'ata ba, yau kuma wuta za ta shiga. Na lallaɓa na ɗaga leda, na ɗora hannu a bonet, na karanta, na fito. Wallahi ban lissafa shi cikin taɓawa ba. Addu'a ce.

Wuta ta kama ja wur kamar garwashin maƙera. Yana matsar da fitilun daga ƙofa zuwa ƙofa, yana harbin bindigarsa, ni ina shinshina iska ko zan ji ƙaurin fenti. Ban ji ba, abin ya ɗan ɓata mini rai.

Bayan la'asar aka turo ta waje. 'Yan babura suka taru, ɗaya har da gyara hula a jikin ƙofa. Akwai wani Alhaji daga Jabo da ya kawo tasa motar, yana jira ya ga yadda tawa za ta ƙare. Na zaga ta sau biyu da hannu a baya, ina neman aibi. Sai na same shi: wani dusasshen tabo a tsakiyar bonet. Na ɗaga murya, "Ga abin da nika faɗi! Wuta ta ƙone ta!" Alhajin Jabo ya fara laluben makullinsa. Ɗan nawa ya yi tsaye, fuskarsa ta zama kamar ta ubansa ranar da fari ya cinye mana gona.

Ya kunna fitilar waya ya haska tabon ta gefe. Maƙwabcina, wanda ban taɓa sanin ya iya ƙirga ba sai a kan igiya, ya sunkuya ya ce, "Ai wanga hannu ne. Ɗaya, biyu, uku, fuɗu... da rabi." Na ji hannuna ya shige aljihu da kansa.

Ɗan nan ya dubi tabon, ya dubi aljihuna, ya sunkuyar da kai ya ce, "Laifina ne, Baffa, ban rufe leda da kyau ba." A gaban mai kawo masa aiki, da sana'arsa a bakin rami, ya zaɓi ya rufa mini asiri. Ban ga mai damfara ya yi haka ba, kuma na ga masu damfara da yawa. Na fito da hannun na ɗora a kan tabon, ya zauna daidai, har da man tsiren. Na ce, "Alhaji, mayar da makullinka. Wanga aikin injiniya ne daga Kebbe." Aka fashe da dariya. Na sa hannun riga na murza tabon iya ƙarfina, ko gezau. Alhaji ya ce in dai tsire ma ya kama haka, a shiga da tasa. Ɗan nawa ya ce zai kankare wurin da inji ya sake. Na ce a bar shi.

A hanyar komawa ruwa ya tare mu, taɓo ya yi mana wanka. Muka isa Kebbe gab da magariba, na tsaya a ƙofar Hajiya na ce a kawo buta. Na tsiyaya a bonet. Ruwan ya dunƙule kamar 'ya'yan carbi ya gangara da taɓon gaba ɗaya, sai wuri guda da ya riƙe laka, hoton hannu ɓaro-ɓaro. Na ce mata, "Inda ɗanki ya taɓa, ga shi. Inda wani ya taɓa, ga shi. A bar ɗanki Tambuwal." Ta daɗe tana kallo, ta share ido da gefen mayafi, sannan ta ce, "Wanin nan kuwa yatsansa bai cika ba." Ta ce tunda ni na hana a dawo da shi, noman geron ya hau kaina.

Abin da tafiyar ta koya mini shi ne, an aike ni in kamo mai ɓata motar mutane, kuma na kamo shi, ya kwana a gadona. Bindigar roba dai har yau ban yarda da ita ba. Gobe da safe zan tafi gonar yayana da fartanya, kuma wurin ɗora hannu ba sai na nema ba, an riga an gasa mini shi.