Maɓallin da Ke Kiran Dada

Ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama Baba a shagonsa na atamfa cikin kasuwar Garwa. Ya tafi da hannun dama da ƙafar dama, ya tafi da baki. Mutumin da in ya yi gyaran murya a ƙofar gida rabin unguwar Pumpumre ta san ya dawo, sai ga shi kwance yana bin mu da ido. A lokacin ina Ngaundere ina karatun kwamfuta, karatun da Baffa, ƙanen Baba, yake kira wasan danne-danne.

Da na zo hutu na kakkaɓe wata kwamfuta da Baffa ya taɓa sayowa a Kano, na rubuta 'yar manhaja: a danna maɓalli, ta yi magana. Baba ajami ya iya, ba ruwansa da boko, don haka na rufe haruffan gefen hagu da salatif launi-launi, daidai inda yatsunsa ke kaiwa. Muryar Baffa na naɗa, ita ce ta fi kama da tasa. Akwai maɓallin ruwa, akwai na alwala. Na can sama, mai koren salatif, yana cewa, "Zo ki zauna nan." Abin da Baba ke ce wa Dada, mahaifiyata, ke nan duk yamma tun muna yara, don bai taɓa kiran sunanta a gabanmu ba. Na ƙarƙashinsa, ja, yana cewa, "A bar ni in huta."

Koyon bai zo masa da sauƙi ba. Ciwon ya sa sabon abu ba ya zama a kansa sai an yi ta maimaitawa, ga kuma zuciya, wadda duk gidan suka yarda a wurinsa na gaje ta. Amma kafin hutu ya ƙare yatsunsa sun haddace gurbin kowane maɓalli, ko dubawa ba ya yi. Na koma makaranta ina jin kaina kamar wadda ta gina masallaci.

Cikin tsakiyar zafi Yaya, babban wana, ya kira ni a waya. Ya ce kan Baba ya fara rikicewa: ya nemi ruwa, a kawo, ya ture. Baffa ya zo ya cika shi da surutun kasuwa, sai Baba ya yi ta danna masa "Zo ki zauna nan," cikin muryar shi Baffan kansa. Na yi dariya, amma Yaya bai yi ba. Ya ce abin da ya fi muni, da zarar Dada ta ɗaga labule, sai Baba ya ce a bar shi ya huta. Ta daina shiga ɗakin sai in ya yi barci.

Na karɓi Dada a wayar. Bafulatana ce, ba ta kuka a gaban 'ya'ya. Ta ce, "Ba komai, 'yata. Mutum in ya gaji da ciwo, yakan gaji da fuskar mai jinya." Wannan "ba komai" ɗin ne ya sa na hau mota washegari. Har muka wuce garin Ngong raina a ɓace yake, ban ma san da wa nake fushin ba.

Na tarar da kwamfutar a saman kwaba an rufe ta da ɗankwali. Baba ya rame, ya juya fuska bango. Na tambayi Yaya me ya taɓa ta bayan tafiyata.

Ya ce, "Ba abin da ya taɓa ta. Kuran ɗin lantarki ne ya ɗauke ya dawo da ƙarfi, ta ƙi tashi, na kai wa mai gyara ya yi mata formate, ya goge komai ya ɗora sabo. Ya mai da miki kayanki yadda suke. Ga salatif ɗinki ma ko ɗaya bai ɓare ba."

Baffa yana zaune a tabarma yana fifita da hula. Ya ce, "Ke dai ki haƙura. Injin lafiyarsa lau, kan Yayana ne ya tafi."

Na sauko da kwamfutar na kunna. Na buɗe farin shafi na rubutu, na ɗaga gefen koren salatif, ga harafin Q a rubuce a jikin maɓallin. Na danna. Sai A ta fito. Na danna jan, wanda A ke jikinsa, sai ga Q. Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi.

Duk maɓallin da aka danna, abu biyu ke isa ga manhaja. Akwai lambar gurbinsa, wadda ke cewa maɓallin layi kaza ne, wuri kaza, kuma wannan ba ta canjawa. Akwai kuma lambar harafi, wadda kwamfuta ke yankewa gwargwadon harshen da aka saita ta a kai. Kwamfutar Kano da tsarin Turanci ta zo. Mai gyaran Garwa kuwa, kamar kowane mai gyara a garin nan, da tsarin Faransanci ya ɗora ta, inda A da Q suke musayar wuri, W da Z su ma haka. Manhajata harafi take saurare, shi kuwa Baba gurbi ya haddace. Duk kwanakin nan yana danna daidai, injin yana faɗin akasin abin da ke ransa.

Mai da tsarin Turanci abu ne mai sauƙi, amma na san wata rana wani mai gyaran zai sake juya shi. Na zauna a ƙasa, gumi yana ɗiga a hannuna, na canja layukan manhajar ta koma sauraren lambar gurbi. Na gwada da Faransanci, na gwada da Turanci, har Larabci na sa don mugunta. Kore ya tsaya a kan maganarsa.

Na ɗauki kwamfutar na ajiye a cinyar Baba. Ya ture ta da hagu. Na durƙusa na ce, "Baba, ba kai ka yi kuskure ba. Injin ne ya yi maka ƙarya, kuma na yi maganinsa." Ya juyo da fuska daga bango. Na danna na ruwa ya ji, na danna na alwala ya ji.

Sannan na leƙa tsakar gida na kira Dada. Ta zo da tsintsiya a hannu, ta tsaya a bakin ƙofa, ƙafa ɗaya a waje, a shirye take ta juya.

Yatsan Baba ya hau sama, ya sauka a kan kore.

"Zo ki zauna nan."

Baffa ya daina fifita. Dada ta jingine tsintsiyar, ta shigo ta zauna a bakin gadon, tana gyara lulluɓi kamar baƙuwa. Baba ya sake dannawa. Ya kuma dannawa.

Ta ce, "Mi nani, Alhaji, na ji. Ai ga ni na zauna."

Bai daina ba. Dada ta sa gefen mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta suna girgiza, yau ko ta kan 'ya'ya ba ta bi ba. Na juya na kalli Baffa ido cikin ido, na ce, "Baffa, wasan danne-danne."

Ya buɗe baki zai yi magana, sai Baba ya sauke yatsa ƙasa ya danna masa ja, sannan ya miƙa hannun ya riƙe bakin zanen Dada.