Talata ko Laraba

Daminar da Inna ta shiga takaba na tattara kwamfutata na dawo Funtua, don wai aikina ko'ina ana yin sa. Mu uku ne muke ƙera wani ɗan yaren kwamfuta na ƙananan na'urori, ni aka ɗora wa kwanan wata da lokaci. Gurbi talatin da biyu kacal aka ba ni, kowanne sifiri ko ɗaya, a ciki zan cusa shekara da wata da rana da sa'a. Na zubar da daƙiƙa, na datse shekaru, kamar mai ɗura masara a buhun taki.

Gurbi ɗaya ne na hana a taɓa. Aikinsa ya nuna ko watan Musulunci an gan shi ne, ko kintace ne. Abokin aikina, wanda ke birni, kullum sai ya turo saƙo cewa ɓarna ce, lissafi ya isa. Na gaji da gaya masa cewa a nan ba a lissafa wata, leƙa shi ake yi.

Inna kuwa ba ta fita ko ƙofar gida. Matar da kowace kasuwar Bakori sai ta je, ga ta a tabarma da zane ɗaya da ya koɗe. Ba kuka take yi ba, ƙosawa ce kawai. Rannan ta ce tunda yini nake ina ƙirga kwanaki, in faɗa mata ranar fitarta.

Na shigar da ranar rasuwar Baba. Abin ya ba ni amsa biyu, don watan ƙarshe bai tsaya ba tukuna.

"Talata ko Laraba, Inna."

"Ko? Duk karatun nan naki, ko?"

Wallahi na ji haushi, na kuma ji tausayinta. Da na cire gurbin nan da Talata kawai zai ce, ta samu abin riƙewa. Ita ma Talatar ta ɗauka. Ta sa aka wanke atamfarta, ta aika garin Ƙarfi a gaya wa yayarta.

Ranar duban wata hadari ya rufe yamma ruf. Muka zauna gaban rediyo har aka sanar ba a gani ba ko'ina, za a cika talatin.

Wayata ta yi ƙara, abokin aikin nan ne, yana tambaya ko na cire gurbin. Na kife wayar. Inna ta ninke atamfar ta mayar cikin akwati, ta ce in sake aikawa Ƙarfi.

"Ce mata Laraba. Ubanki bai gama da ni ba."