Garkuwa da Guru a Bakin Rijiya

Ana sallame sallar asuba muka bar Dakoro a bayan kamiyon, babbar motar da ke kai gero ƙauyukan Rumbu. Mu uku ne: ni, da maƙwabcina wani tsohon soja, da wakilin kwamanda mai mulkin yankinmu. Bazara ta yi tsakiya, rijiyoyi duk sun ja baya. Abin da ya fitar da mu rigima ce a kan wata rijiya, tsakanin manoman wani ƙauye da Abzinawan da ke sauka kusa da su da raƙumansu. Bara an gwabza a bakinta, kowane ɓangare ya rasa mutum. Bana dattawa sun yarda a zauna. Ni an nemi in je ne don ina sayen hatsi wurin waɗannan ina sayar wa waɗancan, ina kuma jin Tamashek, harshen Abzinawa, daidai na ciniki. In sulhu ya ƙi, har da abincina a ciki.

Hanyar ba hanya ba ce, sawun motar da ta riga ka ne cikin yashi. Direba ya rantse mana motarsa ba ta taɓa kafewa ba. Kafin hantsi mun sauko mun tura ta har kafaɗuna suka san jiki, wakilin kwamanda yana gefe yana ba da umarni da Faransanci, wanda motar ba ta ji. A wani ƙauye muka sha fura. Na lura iyakar nisanka da gari, iyakar arahar nono, ruwa kuwa sai an dubi fuskarka kafin a ba ka na alwala.

Daga inda mota ta tsaya muka ƙarasa a amalanken shanu. Rijiyar mai zurfi ce ƙwarai, sai bijimi ya yi nisa da igiya kafin wasaki ya fito. Abin da ya dame ni shi ne yadda ake ɗibar ruwan. Mata suna cika tuluna, maza na tsaye a kansu da baka da kwari. Can nesa raƙuma sun durƙusa suna jiran a watse, masu su na kallonmu ta cikin rawani.

Aka shimfiɗa tabarmi ƙarƙashin wani gawo, shi kaɗai ke da ganye a wannan lokaci. Mai magana da yawun manoma sarkin bakansu ne, wani gajeren dattijo mai kaurin murya, ɗan ƙanwarsa ne aka kashe bara. Na Abzinawa kuma wani dogon tsoho ne, wanda ya mutu a nasu ɓangaren ƙanensa ne uwa ɗaya uba ɗaya. Ya zo da wata doguwar garkuwar fata, ya jingine ta a gwiwarsa.

Da farko abin ya tafi da sauƙi har na yi mamaki. Manoma suka yarda ba mai zuwa rijiya da baka. Abzinawa suka yarda su bar takubba da masu a bukkokinsu. Wakilin kwamanda har ya fara gyara zama zai tashi, sai sarkin baka ya nuna garkuwar ya tambaya ita fa.

Tsohon ya amsa, ina fassarawa, cewa garkuwa ba ta taɓa zubar da jinin kowa ba. Ƙanensa ya mutu ne don ya zo shayar da raƙuma babu ita. Ba zai ce wa ƴaƴansa su zo haka ba. Ni kaina a raina na ba shi gaskiya.

Sarkin baka ya ce, “Ni ba garkuwar nake tsoro ba, mai ita nake tsoro. Wanda ya san kibiyata ba ta samunsa, mi zai hana shi fara taɓa ni? In kuka zo da ita, samarina za su ce ba a yi sulhu ba. Za su koma wurin maƙeri a yi musu kibau masu huda fata, ku kuma ku ƙara mata kauri.”

Nan magana ta cije, aka tashi sallar azahar. Abzinawa suka aiko mana da cuku da shayinsu mai ɗaci, manoma suka kawo tuwon gero da miyar kuka, kowa yana lura da wanda za mu fi ci. Muka ci duka biyun har muka ƙoshi fiye da kima, don kada a ce mun ɗauki gefe.

Muna cikin shan shayi tsohon soja ya yi dariya shi kaɗai. Ya ce wannan gardamar ya sha jin ta a rediyonsa, amma tsakanin Amurka da Rasha. Kowaccensu ta tara makamai masu linzami da ke iya tashi daga ƙasarta su hallaka biranen ɗayar. Yanzu kuma suna ƙera waɗanda za su tare su a sama su kakkaɓo su. Ya ce duk lokacin da aka zauna don a rage na kai hari, maganar na tarewa ce ke tsayar da zaman, don kowa na ganin in abokin gabarsa ya sami kariya, to shi sai ya ninka abin da yake harbawa. Na ce masa mu da ba mu daɗe da karɓar mulkin kanmu ba, ina ruwanmu da su? Ya ce ai iska ba ta tsayawa a duwan, wurin ƴan kwastan na kan iyaka, ta nuna takarda, ya yi aiki a hamada, ya san irin manyan bama-baman da ake gwadawa can.

Da aka koma zama, tsohon Ba'abzine ne ya fara. Ya ce ya ji, amma yana da tambaya. Gurun da ke ƙugun sarkin baka, da kambunan da ke damatsan samarinsa, na mene ne? Kowa a wurin ya sani maganin ƙarfe ne. Ya ce to mutumin da ya yarda takobi ba ya cinsa, da mi ya bambanta da mai garkuwa?

Wasu suka fara murmushi, sarkin baka bai yi ba. An gaya mini tun yana saurayi ubansa ya ɗaura masa gurun nan, ko wanka zai yi ba ya nisa da shi. Wani daga cikin mutanensa ya ce ai wannan gado ne, ba makami ba. Tsohon ya dafa garkuwarsa ya ce ita ma ta ubansa ce.

Sannan sarkin baka ya miƙe, ya ɗaga rigarsa, ya shiga kwance gurun. Ƙullin ya ƙi, har sai da ya sa haƙori. Ya miƙa wa limamin ƙauyen ya koma ya zauna, yana ta jan rigar yana rufe cikinsa. Tsohon ya dube shi, ya kira ɗansa ya ce a mayar da garkuwar bukka.

Aka tsaya a kan cewa kowa ya riƙe kayansa a gidansa don tsaron iyali, amma rijiya sai da igiya da wasaki kawai. Ba kowa ya ji daɗi ba. Wasu samari ta kowane gefe sun tashi tun ba a shafa fatiha ba. Da la'asar dai na ga raƙuma suna sha a kwami ɗaya, mata na ɗiba a ɗayan.

Washegari muka juyo, motar nan ta sake kafewa, muka iso Dakoro da yamma. Na tafi ina ganin duk abin da ke kare mutum alheri ne kurum. Na dawo na san yana iya zama abin da ke hana maƙwabcinka barci.

Ranar kasuwar da ta wuce sarkin baka ya biyo ta rumfata. Na tambaye shi rijiya. Ya ce lafiya lau ake sha, amma shi duk ranar da zai je sai gabansa ya faɗi, ji yake kamar ya fito ba wando. Na ce to yaya ke nan?

Ya ce, “Na tambayi tsohon, ya ce shi ma haka. Muddin mu duka muna jin tsoron nan, ba mai ɗaga wa wani hannu.”