Kwalba Goma

Shekarun baya, lokacin da na shekara shida ina haya a wani gidan ƙasa kusa da kasuwar Magariya, mai gidan ta aiko mini cewa daga sabon wata hayar ta tashi daga jika biyar zuwa jika tara. Jika tara! Ina cikin matsar tunkuza saƙon ya same ni, saura kaɗan in kifar da man.

Ni man gyaɗa da ƙuli-ƙuli nake yi, kuma ƙofar gidan nan masu saye suka sani. Har daga garin Waca ake saukowa a mota a zo wurina. In na tashi, cinikina ya watse.

A lokacin ban daɗe da gama makarantar yaƙi da jahilci ba, ina ji da kaina kamar ni ce prefe mai mulkin Magariya. Na ɗauki kaye, wato littafin rubutu, da alƙalamin bik na bi unguwa gida-gida ina tambayar 'yan haya nawa suke biya. Wannan ta ce huɗu, amma ba pampo. Waccan ta ce goma, amma siminti ne. Wata ta ce mijinta ne ya sani. Kwana uku ina yawo a rana, na cika shafi biyu, ban gane komai ba.

Duk da haka na yafa mayafi na nufi wurin tsohuwar mai gidan, kaye a hammata. Mijinta ya rasu tuni, hayar nan ce abincinta.

Ko gaisuwar kirki ban gama ba na ce, “Inna, me aka ƙara a gidan da za a ƙara mini jika huɗu?”

Ta ce, “Gida ya yi kyau, 'yar nan. Ga inuwa a tsakar gida, ga soro ba ya yoyo.”

Na ce, “Inuwar wa? Dogon yaron nan ni na dasa shi, da ruwan wanke-wankena ya girma! Yaɓen soro kuwa duk gabanin damina ni ke kiran magini. Wato in gyara, a sayar mini da gyarana?”

Ba ta ko kalli kayen da nake kaɗa mata ba. Ta miƙa hannu ƙarƙashin gado ta jawo wata kwalba. Na gane ta, ta maina ce.

“Ranar da kika shigo gidan nan, nawa kike ba ni wannan?”

Na ce dala ɗari.

“Jiya fa?”

 Ɗari da arba'in na karɓa, ko dala ban rage mata ba. Na fara cewa ai gyaɗa ta yi tsada, sai ta ce, “Hatsin da nake ci shi kyauta ake ba ni?”

Wallahi na ji haushi, kuma haushin da ya fi ci na shi ne gaskiya ta faɗa. Na zauna a tabarma na lissafa: jika ɗaya dala metan ce, ke nan a da hayata kuɗin kwalba goma ce cif. Yanzu jika biyar ɗin ko kwalba takwas ba ta saye. Amma tara ɗin da take nema ta kusa kwalba goma sha uku.

Na ce, “Inna, kwalba goma na shigo da ita, goma zan biya, jika bakwai ke nan. Kwalba ukun nan na sama kuɗin bishiyata ne da yaɓena, kuma ko gaban mai unguwa ba zan ba da su ba.”

Ta daɗe tana juya kwalbar, sannan ta ce, “Bakinki ya fi manki zafi. Na yarda. Amma kuɗin kwalba goma har kullum, ko nawa ta kai.”

Na amsa da sauri, ina ganin na ci nasara.

Abin da na koya, kafin ka ce an zalunce ka da ƙari, duba abin da kai ka ƙara wa mutane. Amma ban ce haushin ya wuce ba. Har yau ina gidan, kuma duk ranar da na ɗaga kuɗin mai, kafin la'asar sai in ji sallamarta a zaure, tana dogara sanda, fuska cike da fara'a:

“'Yar nan, na ji kasuwa ta yi kyau.”