Guntayen Kiryar Kaka

Jiya na ji kukan injin yankan itace ta wajen ƙauyen Gammo, sai kakana ya faɗo mini a rai. Ko a mafarki ba ya yarda a gajarta gungume, wai masu katako dogo suke saya. Amma ranar da aka kayar da kiryar gonarmu, rassan ya auna kamu bibbiyu, ya ce a daddatse.

Na ce, "Tsoho, ka rikice ne? Ko ɓera za ka kafa wa rumfa?"

Bai rama tsokanar ba. Ya shinshina garin itacen, ya ce, "Waɗannan ba na sayarwa ba ne. Gara ba ta cin kirya."

Kafin damina da su muka rufe kabarinsa, suka zauna daidai. Allah ya yalwata masa makwanci fiye da awon da ya yi.